Tarihin Marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa da Asalin Zaɓen Majalisun Gundumomi a Arewa

A duk lokacin da hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana sakamakon zaɓen ƙananan hukumomi, aka ce wane ya zama shugaba, wane kuma ya zama kansilan mazaɓa kaza, mukan ɗauki al'amarin tamkar haka muka gada tun kaka da kakanni. Alhali kuwa a farkon shekarun 1940 ba a neman ra'ayin manomi ko makiyayi game da wanda zai yi magana da yawunsa a gaban hukuma, balle a gaya masa yadda aka kashe kuɗin harajin da ya biya. Ɗaya daga cikin mutanen da suka fara buɗe wannan ƙofa ɗan ƙasar Bauchi ne, wato marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa. Jama'a sun fi saninsa a matsayin Firayim Ministan Nijeriya na farko, amma kafin ya kai ga wannan muƙami ya yi wani aiki wanda ya shafi kowane ƙauye da kowace gunduma kai tsaye. Wannan aiki shi ne muke son mu fito da shi fili a cikin tarihin rayuwarsa.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abubakar a cikin shekarar 1912 a garin Tafawa Balewa da ke gundumar Lere ta masarautar Bauchi, kuma sunan garin ne ya bi shi har duniya ta san shi da shi. Mahaifinsa, Malam Yakubu Ɗan Zala, yana hidima ne a gidan hakimin Lere, sunan mahaifiyarsa kuwa Fatima Inna. Ke nan bai fito daga gidan sarauta ba, sai dai ya tashi a kusa da ƙofar hakimi, inda tun yana yaro ya ga yadda ake tara haraji, yadda ake sauraron ƙara, da kuma yadda talaka yake durƙusawa kafin ya faɗi damuwarsa.

Bayan karatun allo, an sa shi makarantar elementare ta garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi da ke Bauchi a 1925. A shekarar 1928 ya sami shiga Kwalejin Katsina, wadda a wancan zamani ita ce ƙololuwar makarantun boko a Arewa, kuma ita ce ta yaye akasarin shugabannin farko na wannan yanki, cikinsu har da Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda yake gaba da shi a aji. Ya kammala a 1933, ya dawo gida da takardar shaidar malanta.

Malamin makaranta kuma marubuci

Ya fara aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi, inda daga bisani ya zama shugaban makarantar. A farkon aikinsa ne Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933. Malam Abubakar ya shiga gasar da littafinsa mai suna Shaihu Umar, wanda ya fito tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Littafin ya ba da labarin yaron da aka raba da mahaifiyarsa a zamanin cinikin bayi, aka ƙetara da shi hamada, kuma mai karatu zai lura cewa tun a lokacin hankalin marubucin yana kan halin da marar ƙarfi yake shiga idan ba shi da mai tsaya masa. An mayar da labarin wasan kwaikwayo, sannan aka yi fim ɗinsa a 1976.

A farkon shekarun 1940 garin Bauchi ya zama matattarar matasa masu ilimi da ƙwazo. Malam Sa'adu Zungur yana nan, Malam Aminu Kano kuma an turo shi koyarwa a Midil a 1942. Su da Malam Abubakar da sauran ma'aikata sun riƙa haɗuwa a wata majalisar tattaunawa, inda ake tafka muhawara kan mulkin En'e da haraji da ilimi, har hukuma ta ga abin ya fara wuce gona da iri ta rufe majalisar. Mutanen uku sun yarda cewa tsarin yana bukatar gyara, amma sun sha bamban kan hanya. Malam Sa'adu da Malam Aminu sun fi karkata ga sauyi na gaggawa, shi kuwa Malam Abubakar yana ganin a bi a hankali, a gyara gidan daga ciki ba tare da an rushe shi a kan mazaunansa ba. Wannan bambanci ya ci gaba har lokacin da aka kafa jam'iyyun siyasa.

A 1945 ya tafi Ingila, ya yi shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Da ya dawo aka ba shi aikin kula da makarantun En'e ta Bauchi, aikin da ya sa ya zagaya gundumomi ya ga halin da ƙauyuka suke ciki da idonsa. Lokacin da tsarin mulki na Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, shi ne ya wakilci Bauchi a Majalisar Wakilai ta Arewa da ke Kaduna, ita kuma majalisar ta zaɓe shi cikin waɗanda za su wakilce ta a Majalisar Dokoki ta Legas.

Yadda mulkin En'e yake a wancan lokaci

Domin mu fahimci girman abin da ya yi, ya kamata mu tuna yadda ake gudanar da mulki a lokacin. Turawa sun mulki Arewa ne ta hannun sarakuna. A idon dokar Turawa, a manyan masarautu Sarki shi kaɗai ne hukumar En'e, majalisarsa kuwa ta masu ba da shawara ce kurum, kuma Razdan da Di'o ne kawai suke iya taka masa burki. A ƙarƙashin Sarki akwai hakimai, ƙarƙashinsu dagatai, sannan masu unguwanni. En'e ce ke riƙe da baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidajen yari da makarantun elementare da ɗakunan shan magani. Haraji da jangali suna tashi daga ƙauye zuwa gunduma zuwa birni, a cire kason gwamnati, saura ya shiga baitulmali. Umurni yana saukowa daga sama har ƙofar gidan talaka, amma babu wata tabbatacciyar hanya da koken talaka zai hau sama, in ba ya yi sa'ar hakimi mai tausayi ba.

Ƙudurin shekarar 1950

A cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar ya miƙe a zauren majalisa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman a kafa kwamiti mai zaman kansa da zai binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya, ya kawo shawarar yadda za a sabunta shi. A cikin jawabinsa ya nuna cewa mayar da Sarki hukuma shi kaɗai ƙirƙira ce ta zamanin Turawa, domin a tsarin da magabata suka bari Sarki yana mulki ne da shawarar majalisarsa, kuma shari'a tana bisa kowa. Ya koka kan yadda aka bar talakawa ba su san haƙƙinsu ba, ba su kuma da bakin magana a kan abin da ya shafe su. Ya taɓo batun cin hanci da karɓar gaisuwa daga hannun marasa ƙarfi, da ƙarancin horo ga ma'aikatan En'e, ya kuma nemi a kafa majalisu tun daga ƙauye da gunduma waɗanda jama'a za su sami wakilci a ciki.

Wajibi ne mu lura da matsayin mai wannan magana. Ma'aikacin En'e ne, albashinsa daga baitulmalin Bauchi yake fitowa, ba shi da gadon sarautar da zai jingina da ita, kuma yawancin 'yan majalisar da yake yi wa jawabi manyan ma'aikatan En'e ne da masu riƙe da sarautu. Maganar ta ɓata wa wasu sarakuna rai ƙwarai, wasu Turawan mulki ma ba su ji daɗinta ba. Duk da haka majalisa ta amince da ƙudurin. Abin da ya taimaka masa shi ne kowa ya san shi da natsuwa da ladabi, kuma bai nemi a kawar da sarauta ba, sai dai a dawo da ita kan turbar shawara.

Abin da ya biyo baya

Gwamnati ba ta kafa irin kwamitin da ya nema ba. Maimakon haka ta ɗora wa wasu jami'anta biyu, Maddocks da Pott, aikin zagaya larduna su rubuto rahoto, sannan wani kwamitin haɗin gwiwa na Majalisar Sarakuna da Majalisar Wakilai ya yi nazarinsa a 1951. A 1952 aka soke tsarin Sarki shi kaɗai a matsayin hukuma, aka wajabta masa yin aiki tare da majalisarsa, idan kuma ya saɓa wa shawararta sai ya sanar da gwamnati. Daga nan aka yi Dokar En'e ta 1954, wadda ta tattara dokokin da suka gabata, ta kuma ba da damar kafa majalisun ƙauyuka da na gundumomi da na garuruwa bisa doka, tare da ba su wasu ayyuka da kuɗin gudanar da su. Kazalika aka faɗaɗa makarantar horar da ma'aikata da ke Kongo a Zariya domin koyar da hakimai da ma'aji da magatakarda aikin mulki, aka kuma ƙarfafa shirin Yaƙi da Jahilci domin manya su iya karatu da rubutu.

Da haka ne zaɓen majalisar gunduma ya shigo ƙauyukanmu. Magidanta masu biyan haraji sukan taru su fitar da wakilin ƙauyensu, sau da yawa a bainar jama'a ta hanyar ɗaga hannu ko tsayawa a bayan wanda suke so. Waɗanda aka zaɓa su zauna tare da dagatai da wasu naɗaɗɗun dattawa, hakimi yana shugabantar zaman. Daga ɗan asusun da aka ware wa majalisar ake gina rijiyoyi da rumfunan kasuwa da mahauta, a gyara hanyoyin ƙauye bayan damina. Kuɗin ba su da yawa, ikon ma taƙaitacce ne, amma wannan ne karon farko da manomi ya zauna a inuwa ɗaya da hakimi bisa doka, ya tambayi inda aka kai kuɗin rijiyar ƙauyensu.

Inda gyaran ya tsaya

Tarihi ba ya cika sai an faɗi inda aka gaza. A zaɓen 1951 na Majalisar Wakilai ta Arewa an bi matakai ne, daga ƙauye zuwa gunduma har zuwa lardi, kowane mataki yana zaɓen wakilan da za su je na gaba, kuma an ba En'e ikon ƙara nata mutane kimanin kashi 10 cikin 100 a matakin ƙarshe. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agusta na 1950, ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano da wasu garuruwa, amma ko kujera ɗaya ba ta samu ba a ƙarshe. Wannan nasara ta farko da NEPU ta yi tana cikin dalilan da suka sa Jam'iyyar Mutanen Arewa ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a watan Oktoba na 1951, inda daga baya Sardauna ya zama shugabanta, Malam Abubakar ya zama mataimakinsa.

Gwaji mafi tsanani ya faru ne a Ilori. A can an kai gyaran nesa fiye da sauran masarautu, aka ba zaɓaɓɓu rinjaye a majalisar En'e. A zaɓen 1957 ƙungiyar talakawan Ilori mai suna Ilorin Talaka Parapo, wadda ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar AG ta Cif Obafemi Awolowo, ta lashe rinjaye. Rikici ya ɓarke tsakaninta da masu sarauta, musamman kan neman a haɗe Ilori da Jihar Yamma, kuma a 1958 gwamnatin Jihar Arewa ta rushe majalisar ta naɗa kwamitin riƙo. A lokacin Malam Abubakar yana Legas, al'amuran En'e kuwa suna hannun gwamnatin Kaduna, amma jam'iyyarsa ce ke mulki. Bugu da ƙari, a duk tsawon wancan zamani matan Arewa ba su da ƙuri'a, kuma 'yan adawa sun sha kokawa kan yadda ake amfani da 'yan doka da kotunan En'e a kansu.

Minista da Firayim Minista

A 1952 Malam Abubakar ya zama Ministan Ayyuka a gwamnatin tsakiya, daga baya kuma Ministan Sufuri. A 1955 ya ziyarci Amurka domin ganin yadda ake sufuri a manyan koguna, da nufin amfani da kogin Kwara da na Binuwai. A zamaninsa ne aka shimfiɗa layin dogo daga Kuru ya ratsa Bauchi da Gombe, ya isa Maiduguri a 1964, kuma a wannan shekarar aka fara ginin madatsar ruwa ta Kainji.

An naɗa shi Firayim Minista a 1957, ya kafa gwamnatin da ta haɗa manyan jam'iyyu uku domin shirin karɓar mulkin kai. A zaɓen Disamba na 1959, wanda shi ne na farko da mazan Arewa duka suka jefa ƙuri'a kai tsaye a asirce a zaɓen tarayya, Arewa tana da kujeru 174 daga cikin 312. NPC ta fi kowa kujeru, ta haɗa gwamnati da NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe. Ranar 1 ga Oktoba, 1960, shi ne ya karɓi takardun 'yancin Nijeriya a Legas, kuma a cikin watan ne ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya yayin da aka karɓi ƙasarmu a cikinta. Saboda daɗin muryarsa da iya tsara magana aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Gwamnatinsa ta aika sojoji aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango, ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a hamadar Sahara, sannan yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963.

A cikin gida kuwa shekarun sun zo da tsanani. An yi rikicin Jihar Yamma wanda ya kai ga kafa dokar ta-ɓaci a 1962, da taƙaddamar ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963, da tarzomar ƙasar Tibi, da zaɓen tarayya na 1964 wanda wasu jam'iyyu suka ƙaurace masa a wasu yankuna, da kuma zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 wanda ya haifar da ƙone-ƙone da asarar rayuka. Kusan dukkan waɗannan fitinu sun samo tushe ne daga abu guda, wato rashin amincewa da sakamakon ƙidaya ko na zaɓe.

Rasuwarsa

Kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya, sojoji suka yi juyin mulki a daren 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi. Sun ɗauke shi daga gidansa, kuma bayan 'yan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta. A wannan dare aka kashe Sardauna a Kaduna, da Cif Samuel Akintola a Ibadan, da wasu manyan hafsoshin soja. An kawo gawarsa Bauchi aka yi masa sutura. Bai bar wata dukiya ta a zo a gani ba, duk da shekarun da ya yi a kan mulki. A yau hubbarensa yana cikin garin Bauchi, jami'ar tarayya da ke garin tana ɗauke da sunansa, hotonsa kuma yana kan takardar naira biyar.

Daga majalisar gunduma zuwa ƙaramar hukuma

Aikin da ya fara bai tsaya da rasuwarsa ba. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi, aka yi babban gyaran da ya kafa ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya a duk faɗin ƙasa, aka mayar da sarakuna iyayen ƙasa masu ba da shawara. A watan Disamba na wannan shekara aka yi zaɓen kansiloli ba tare da jam'iyyu ba, kuma a lokacin ne matan Arewa suka sami 'yancin jefa ƙuri'a. A yau muna da ƙananan hukumomi 774 a Nijeriya, 20 daga cikinsu a Jihar Bauchi. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun majalisu ne za su gudanar da su, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma haramta mulkinsu ta hannun kantomomi da kwamitocin riƙo.

Kundin ya zayyana ayyukan da ke wuyan ƙaramar hukuma, waɗanda suka haɗa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da maƙabartu, da gyaran hanyoyi da magudanan ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a harkar ilimin firamare da kiwon lafiya da noma. Duk wanda ya duba zai ga cewa su ne ayyukan tsohuwar majalisar gunduma, an dai faɗaɗa su an ƙara musu kuɗi. Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da sakatarori da ma'aji su riƙa bayyana wa jama'a abin da ya shigo da abin da aka kashe, su kuma riƙa komawa mazaɓunsu suna sauraron koke, ba sai zaɓe ya gabato ba. Wanda bai gamsu da sakamakon zaɓe ba, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana nan, ya kai kukansa can. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuma su ci gaba da zama iyayen kowa, ba tare da nuna bambancin jam'iyya ko ƙabila ko addini ba. Mu kuma mazauna karkara, maza da mata, mu yanki katin zaɓe, mu fito ranar ƙuri'a, mu san kansilanmu da sunansa da gidansa, mu tambaye shi batun rijiya da aji da ɗakin shan magani cikin ladabi, kamar yadda Malam Abubakar ya yi tambaya a zauren Kaduna a 1950.

Allah ya jiƙan Alhaji Sa Abubakar Tafawa Balewa da sauran magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.